Ƙanzon Alawar Inna Iyatu

Innarmu Iyatu mai alawa ce a unguwar Mabera, cikin Sakkwato, kuma ta haura shekara arba'in a kan tukunyar madara ba ta taɓa bari ta kama ba, sai bara. Ni Shamsiyya, 'yarta ta biyu, ni ce shaida, don ni na fi kowa shan wankin tukwanen gidan kafin a aurar da ni. Alawar madara, gullisuwa, iloka, kantun gyaɗa da na riɗi, babu wanda hannunta bai faɗa a kai ba. Wajen mahaifiyarta, Kaka Mariyatu, ta koya, tun tana taka turmi kafin ta iya leƙa cikin tukunya. Da wannan sana'a ta riƙe mu, mu biyar, bayan rasuwar Baba, ba ta taɓa kai kukanta gidan kowa ba.

Duk shekara sayarwa take yi, amma da goman ƙarshe na azumi ya kama sai ta rufe ciniki. Abin da za ta dafa daga nan na rabon Sallah ne, ko mai kanti ya zo yana magiya ba ta ba shi ko ƙwaya. Da an sallame asuba take hura gawayi, don ta ci ƙarfin aikin kafin ranar Sakkwato ta buɗe ido. Da azumi a bakinta ba ta ɗanɗanawa. Kunne take kasawa ta ji yadda madarar ke tafasa, sannan ta ɗiga kaɗan a kofin ruwa ta murza da yatsu biyu. In ta dunƙule, sai ta juye a faranti, ta baje da kwalba, ta yanka da wuƙa. Ranar Sallah kwanoni su fita gida-gida, su dawo da tukwici: wani goro, wani turare, wani soyayyen nama.

Kwano ɗaya ne yake dawowa yadda ya tafi, ko murfinsa ba a ɗaga ba. Na gidan Kawu Dodo ne, yayan Inna, uwa ɗaya uba ɗaya, da ke zaune a unguwar Minanata.

Ga yadda abin ya samo asali. Shekara takwas da suka wuce, a goman ƙarshe, zazzaɓi ya kwantar da Kaka Mariyatu a gidanmu. Kawu ya bi motar albasa zuwa kudu, don fataucinsa ke nan. Kaka ta ce kada a tayar masa da hankali, zazzaɓi ne kawai. Inna kuwa ga jinya ga tukunya a wuta, kullum sai ta ce bari ta sauke wannan ta kira shi. Kwana uku ana haka. A rana ta huɗu da hantsi Kaka ta cika, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Sai bayan kwana biyu Kawu ya iso, ya shigo tsakar gida ana zaman makoki, idonsa ya sauka kan farantan alawa jere a inuwa.

"Ashe abin da kinka tsaya yi ke nan," in ji shi.

Tun daga ranar, in Inna ta gaishe shi a wajen suna ko biki zai amsa a taƙaice, ya kau da kai. Ta je gidansa sau biyu da ƙafarta ta ba shi haƙuri, ya saka takalmi ya bar mata gidan. Dattawan dangi sun sa baki, limamin unguwarsu ya sa baki, amsarsa guda ce: shi ba ya gaba da kowa. To, ba ya gaba, amma shekara bakwai bai taka ƙofar ƙanwarsa ba.

Da wata ce, da ta daina alawar Sallah ɗungurungum, tunda ita ce silar ɓacin ran. Inna ba ta daina ba. Ta ce sana'ar Tsohuwa ce, haka suke kiran mahaifiyarsu, kuma tun Kawu yana saurayi bai taɓa yin Sallah babu alawar gidansu ba. Saboda haka nasa kwanon ake fara cikawa, da yankan tsakiyar faranti, inda ya fi kyau. Ni kuma aka ɗora wa kai shi. In ci kwalliya, in hau kabu-kabu, in tarar da shi a zaure ya dawo daga Idi. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa da fara'a, har ya tambayi maigidana. Da na tura kwano gabansa sai fuskar ta canja. Matarsa Kulu, baiwar Allah, ita ke rako ni da kwanon har bakin titi tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Kowace shekara Inna sai ta sake dabara. Ta aika gullisuwa zalla, ta dawo. Ta aika kantun riɗi, don yana sonsa, ya dawo. Shekara ta biyar ni na kawo shawarar da har gobe ake yi mini dariya a kanta. Na ga ana haɗa cakulan a waya, na ce Inna mu gwada, wataƙila sabon abu ya sa ya buɗe. Muka nemo garin cakulan da man shanu, muka cusa soyayyiyar gyaɗa a ciki, ya yi kyau kamar na kanti. Mun manta a wane gari muke, kuma Sallar ta faɗo tsakiyar bazara. Kafin in kai Minanata in dawo ya zama kunu, har ya ɓata mini sabon mayafi. Inna ta buɗe kwanon, ta daɗe tana kallo, ta ce gara da bai buɗe ba.

Bara ne haƙurina ya ƙare. Ranar jajibirin Sallah na je taya ta aiki, na tarar ta ɗora tsohuwar tukunyar Kaka, ta ƙarfe mai kunne ɗaya, cike da madarar shanu da ta sa wata Bafulatana ta kawo mata. Wai bana irin ta zamanin da za ta yi wa Kawu. Na dube ta, mace ta doshi sittin, ga azumi, ga zufa na bin wuyanta, tana juya muciya saboda mutumin da ko murfi ba zai ɗaga ba. Raina ya ɓaci.

"Inna, wallahi bana ba ni zuwa. Shekara shidda ina kai kwano ana maido man shi kamar mai talla. Shi kaɗai anka yi wa mutuwa?"

Ta saki muciya, ta juyo gaba ɗaya. "In ba ki zuwa, ni tahi da ƙahwata. Ɗan'uwana na, ciki guda munka hito. Kuma gaskiya garai, ban kira shi ba. Shi maido sau ɗari, in aika sau ɗari da ɗaya. So nikai shi san ban gaji ba."

Na mayar, ta mayar, har muka manta da wuta. Sai ƙauri ya tashi. Na zabura zan sauke tukunyar, ina jiran faɗa, don a gidanmu babu abin kunya kamar madara ta kama. Amma Inna tsaye ta yi tana shaƙar ƙaurin, idonta ya kawo ruwa.

"Ƙamshin gidanmu ke nan," in ji ta.

Ta juye ta saman a faranti, ta zauna a kan turmi da tukunyar a gabanta, ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ashe Kaka da itace take dafawa, kuma ba ta taɓa sauke tukunya babu ƙanzo ba. Alawar faranti ta rabon mutane ce, yaran gida ba sa taɓawa. Rabon Inna da Kawu shi ne gindin tukunya. Kullum sai sun yi dambe a kai, har Kaka ta gaji, ta riƙa jan layi da wuƙa a tsakiyar ƙanzon, kowa ya kankare ɓangarensa. Inna ta ce shekara da shekaru tana alfahari ta fi Tsohuwa iya wuta, ga shi tana ta aika wa ɗan'uwanta irin abin da ake kai wa baƙi.

Ta bari ƙanzon ya huce, ta ɗauki wuƙa ta ja layi daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ce tukunyar zan kai, haka nan, ba wanki, ba murfi.

Na ce ba zan je ba, amma wa ya isa ya ja da Inna? Ranar Sallah na hau kabu-kabu cikin leshi, rungume da baƙar tukunya mai ƙauri, mutane na kallona. Na tarar da Kawu a zaure, na gaishe shi, na dire ta a gabansa. Babu murfin da zai ƙi ɗagawa. Ya kalli kunnen tukunyar guda ɗaya, ya kalli layin. Daga nan ya miƙe ya shige cikin gida, bai ce ɗauki ba, bai ce bari ba. Kulu ta leƙo ta yi mini alama da hannu in tafi. Karo na farko ke nan da na koma Mabera hannu sake.

Duk sallamar da aka yi a ranar, Inna ke riga kowa amsawa. Har magariba shiru. Tausayinta ya kama ni sosai, don na san in tukunyar ta dawo yadda ta tafi, ba ta da sauran abin aikawa.

Washegari da hantsi muna tsakar gida muna jera kwanonin da suka dawo, aka yi sallama da muryar da gidan ya shekara bakwai bai ji ba. Kawu Dodo ne, da babbar riga, riƙe da tukunya a hannu. Ya ajiye ta a gaban Inna. Ɓangare ɗaya an kankare shi tas har ƙarfe na ƙyalli. Ɗaya ɓangaren yana nan, ba a taɓa ba.

"Iyatu, har yau ba ki iya rabo ba," in ji shi. "Layin ga ya karkace. Naki ya hi yawa."

Inna ta durƙusa. "Yaya, da na kira ka tun ranar hwarko..."

"Na sani," ya ce, ya ja tabarma da ƙafa ya zauna. "Ɗauko cokali ki ci naki, kahin in ƙetare layi."

Ni na miƙo mata cokalin. Ta zauna kusa da shi tana kankara tana kuka, shi kuma ya riƙe mata kunnen tukunyar don kada ta goce.