Ranar da Na Raka Goggo Gummi

Tunda aka hana Fulani shiga kasuwar garinmu, mutum ɗaya ce daga ruga take taka gidanmu, ita ma ta ƙofar baya. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata. Goggo muke ce mata.

Autanta ya kamu da ƙyanda, Baba ya ɗauke shi a babur ya kai shi asibitin Gummi a matsayin ɗansa. Sai ga waya: yaro ya ƙi ci, ya ƙi sha, uwarsa kawai yake kira. A hanya kuwa akwai shingen 'yan sa-kai, kuma wanda suka sauke daga mota ba kasafai yake komawa gida ba.

Inna ta ce ni zan raka Goggo, tunda ni ce mai baki.

Kitsonta na fara tsefewa, don irin nasu yana tudu a gefen kunne, ko hijabi ba ya ɓoye shi. Ban bi a hankali ba.

"Ɗiyata, za ki cire mini kai."

"Gara ni in cire da wani ya cire, Goggo."

Inna ta dungure ni. Na sa Goggo ta tauna goro har ja ya rufe baƙin zanen leɓenta, na zura mata hijabin Inna. Sai tafiya ta tona ta.

Na ce mata, "Ki bar miƙe wuya awa mai ɗauke da ƙwarya! Ranƙwafa. Kuma haƙori ka miki ciwo, ba ki magana. Ko wa kinka gani, ba ki san shi ba."

A shingen aka tsayar da motar hayar da muka shiga. Wanda ya leƙo ta taga, ajinmu ɗaya a firamare.

"Sarkin surutu, ina zuwa?"

"Asibiti. Ko kai za ka cire mata haƙorin da tsohuwar bindigag ga taka?"

Ya yi dariya, ko kallon Goggo bai yi ba. Can baya idonsa ya tsaya, kan wani dattijo mai sanda da malafa.

"Baba, sauko."

Dattijon ya sauka ba gardama. Da ya zo daidai tagarmu ya dubi Goggo, ya kawar da kai. Ƙafarta ta soma rawa, na ɗora tawa a kai na danne. Direba ya ja mota. Ni kuwa daɗi nake ji, aikina ya yi kyau.

A asibiti, yaro na ganin uwarsa ya buɗe baki. Tana ba shi kunu cokali-cokali, ba ta ɗago ba ta ce, "Wanda anka sauke yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To mi ya hana ki faɗi?"

"Ke kinka ce."

Haka na ce. Kuma na san mai bindigar nan, na san uwarsa, na san gidansu. Wataƙila da na buɗe baki ya sake shi, wataƙila ya sauke mu duka. Har yau ban sani ba, kamar yadda ba wanda ya san inda aka kai dattijon.

Yaron ya shanye kunun tas. Goggo ta miƙo mini kofin, ta ce, "Je ki samo wani." Na karɓa na fita da sauri, don kada in zauna kusa da ita.