Hannun Inna a Hoton Alewar Wiwi

Har gobe ba zan manta da ranar da Inna ta shigo ɗakin aikina ta zauna ba. Madam Fati, shugabarmu a wurin aiki, ita ce ta ce in rubuta wa sababbin shiga wani abu da ya taɓa faruwa da ni a wannan aiki. Na san so take in yi maganar haske da inuwa. Wannan kowa zai koya muku. Ni abin da ya dame ni zan faɗa.

Sunana Balkisa, a Filinge nake, a nan na yi lise, wato babbar sakandare. Ban ci bak ba, jarrabawar ƙarshe ke nan, kuma kada wani ya ce mini sannu, abin ya wuce. Wani yayana da ke Kwatano ya aiko mini da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, na koyi gyaran hoto da kaina, daga baya wani ƙaramin kamfani na Yamai ya ɗauke ni ina yi musu aiki daga gida.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Mu masu ɗaukar hoton abin da ba mu taɓa gani ba ne. Mai kaya yana wata ƙasa, sai ya aiko da zanen kwalinsa da siffar abin da ke ciki. Mu kuma mu gina shi a cikin ordinata, mu ɗora shi a kan tebur ɗin da babu shi, mu haska shi da ranar da ba ta fito ba. In an gama, kowa zai rantse da kyamara aka ɗauka. Matakin farko shi ne goge bayan hoto, a nan kowa ke farawa. Sai mai haɗa hoto, inda nake a lokacin. Sai babban mai haɗawa, wanda ke magana da masu kaya kai tsaye. A sama akwai shef, wato Madam Fati.

A damina ta biyu da fara aikina aka ba mu wani mai kaya daga ƙasar da doka ta yarda a sayar wa manya wiwi. Ba ganye yake sayarwa ba. Alewa ce mai danƙo, kore da ja, da cakulan, duk an haɗa su da wiwi. Madam Fati ba ta ɓoye mana ba, ta ce wanda ba ya so ya faɗa. Ni na karɓa. Dokokin aikin suna da tsanani: ba a sa zanen dabbobi ko wani abin da zai ja hankalin yara, kuma alamar gargaɗi dole ta fito sarai a kowane hoto. Kayan kansu ba su taɓa zuwa Nijar ba. Ban taɓa riƙe su ba, ban san warinsu ba.

Amma wa zan gaya wa a Filinge? A nan mun san abin da wiwi ke yi wa mutum, mun san inda masu shan ta ke zama. Saboda haka na yi shiru. Mutanen unguwa sun ɗauka hotunan biki nake gyarawa, na bar su a haka. Ƙawayena na lise wasu sun tafi Yamai, wasu suna gidajensu da 'ya'yansu, in mun haɗu gaisuwa ce kawai, sai hira ta ƙare. Abokan aikina kuwa sunaye ne a salula, ban taɓa ganin tsayin ko ɗayansu ba. Ɗakina yana ƙuryar gida don a nan rezon waya ya fi kamawa. Ina shiga da safe, in fito an yi la'asar. Akwai ranakun da in na buɗe baki in amsa sallama sai in ji muryata ta shaƙe don rashin amfani.

Daga ni sai Inna, uwata, a gidan. Ita sana'arta dakuwa da ƙuli-ƙuli, tana kaiwa kasuwar gari, wani lokaci har Tabla. Ba ta shiga ɗakina. Takan ce na'urar tana kallon mutum. Sai ta ajiye mini kwanon fura a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta tafi.

Wata rana mai kayan ya ce yana son hoton hannu riƙe da alewa guda. Duk wanda ya yi aikin nan ya san hannu shi ne bala'i. Na gina ɗaya ya fito kamar na roba. Na sa na'ura ta ƙirƙiro wani, ya zo da yatsu shida. Madam Fati ta ce in ɗauki hoton hannun gaske in riƙa kallo ina kwaikwayo, haka ake yi. Nawa hannun yana riƙe da salula. Na leƙa tsakar gida na ga Inna tana mulmula dakuwa.

"Inna, zo ki ara mini hannunki."

"Ke da naki biyu mi ya same su?"

"Zo mana, ba na son dogon zance."

Ta zo tana mita, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai shirin shiga rijiya, sannan ta yi bisimilla ta shigo. Na zaunar da ita kusa da taga, na ce ta riƙe dakuwa guda tsakanin yatsu kamar za ta miƙa wa wani. Ba sai da na gyara mata komai ba. Abin da ta yi shekaru tana yi ke nan. Na ɗauka.

Hannun Inna ba hannun talla ba ne. Akwai tabon ƙuna a bayansa, inda man ƙuli ya taɓa fantsamar mata. Ƙaramin yatsanta a karkace yake tun tana yarinya. Akwai tsohon zoben azurfa da ya riga ya shige cikin nama, da lallen da ya fara koɗewa.

Na ɗauka da an gama za ta fita. Sai ta ga hannunta a allon ordinata, ya cika allon. Ta yi salati, ta matso.

"Wanga nawa ne? Kai, ashe na tsufa ba wanda ya gaya mini."

Washegari ta dawo da kanta. Ta shigo da tabarmarta da faifan ayarta, ta shimfiɗa a bayana, tana tsince tsakuwa tana kallo. Haka aka yi ta yi. Ta ga koriyar alewar nan ta ce, "Wa zai ci abu kamar kashin tsuntsu?" Ta ga na goge inuwa na sake ta, ta ce ni da mai gyaran gado sau goma ba mu da bambanci. In Madam Fati ta kira, sai Inna ta ɗaga murya daga baya: "A gaida shef, fofo, sannu da aiki, ina yara?" Ita kuma ta amsa tana dariya. Ni da ba na son a dame ni in ina aiki, sai na tarar ina bayani. Ina gaya mata me ya sa haske ke zuwa daga hagu, tana gaya mini wa ya haihu, wa ya dawo daga Gana hannu wofi. Ban san na gaji da shiru ba sai da ya tafi. Da safe nakan tsinci kaina ina sauraron jan tabarmarta.

Ta tambaye ni sau ɗaya wace irin alewa ce. Na ce ta Turawa ce. Ba ƙarya na yi ba, amma na san inda na tsaya.

Ka'idar aiki ita ce kafin a gama hoto a aika gwaji don mai kaya ya ga tsari. Don sauri, na ɗauki hoton hannun Inna yadda yake, na cire dakuwar, na sa koriyar alewa a gurbinta, na rubuta cewa wannan misali ne kawai, hannun ƙarshe gina shi zan yi. Kwana kaɗan Madam Fati ta kira, muryarta sama. Na fita tsakar gida na amsa.

"Balkisa, kin tashi kan mutumin nan. Ya ce kada a taɓa komai. Wannan hannun yake so, da tabon da zoben. Shi zai sa a gaban shafinsa da cikin shagunansa. Kuma ya ce ke yake so ki riƙe aikinsa gaba ɗaya. Kin san ma'anar wannan, babbar mai haɗawa."

Na ce, "Madam, hannun uwata ne."

"Na sani. Hannu ne kawai, ba fuska ba. Waɗanda za su gani ba su san akwai wani gari Filinge ba."

"Me ya gani a ciki har haka?"

"Cewa ya yi hannu ne da mutum ke yarda da shi. Duk abin da ya miƙo maka sai ka karɓa."

Ban ga laifin Madam Fati ba, kuma har yau ban gani ba. A dokar aiki tana da gaskiya, ba a gane mutum da hannu. Amma a kasuwar Filinge, ka rufe wa yaro ido ka buɗe a kan hannun nan, zai ce maka Inna mai dakuwa. Da yawansu ba su san fuskarta kamar yadda suka san shi ba, don daidai idonsu yake zuwa.

Na koma ɗaki. Inna ta ji rabin maganar, ta gane yabo ne. Tana ta murna.

"Ashe har can an san hannun ƙwarai. Bari in sa sabon lalle, ki sake ɗauka, kada su ce mu ƙazamai ne."

Zan faɗa muku gaskiya, ba muƙamin ne ya riƙe mini baki ba. Tabarmar ce. Na san Inna. In na yi shiru, hoton zai tafi inda ba za ta taɓa gani ba, gobe ta shigo da ayarta mu ci gaba da hira. In na faɗa, na san abin da zai tashi daga ɗakin. Na zauna ina kallon allo, tana bayana tana lissafa wa za ta aika ya sayo lalle. Ni ba ni da haƙurin ajiye magana a ciki. Na juyo da kujera.

"Inna, alewar nan da wiwi ake yin ta."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan.

"Wace wiwi?"

"Wadda kika sani. A ƙasarsu an yarda manya su saya. Ni hoto kawai nake yi."

Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ke kin ci?"

"Ban taɓa ganin ta da idona ba."

"Yara fa?"

"An hana a sayar musu."

"Nan ma an hana abubuwa da yawa." Ta kalli allon, inda hannunta ke miƙo koren abin. Sannan ta ɗaga na gasken ta juya shi, gaba da baya, kamar na wani. "Balkisa, ɗiyan garin nan ba su tambayata mi ke cikin abin da na ba su. Uwayensu ma ba su tambaya. Shi ke nan abin da na tara a duniya. Shi kika ba mutumin?"

"Ban ba shi ba tukuna. Shi ya sa nake gaya miki."

"To cire shi."

"Zan cire."

"Aikin kuma naki ne, ke da Allahnki. Ke ba yarinya ba ce." Ta tattara ayarta, ta naɗe tabarmar, ta sa a hammata. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba. "Da kin gaya mini tun ranar farko, da ban saba da zaman nan ba."

A ranar na kira Madam Fati na ce mai hannu ta ƙi. Ta ce in lallashe ta. Na ce ba a lallashin Inna, kuma ni ma ba na so. Ta yi tsaki, ta ce na cika taurin kai, amma ita ce ta tsaya ta gaya wa mai kayan, ta kuma sa aka goge gwajin daga wurinsu. Na gina wani hannu daga farko: santsi, yatsu biyar daidai, ba tabo, ba zobe, hannun da ba shi da uwa ba shi da gari. Mutumin ya karɓa ba yabo ba fallasa. Riƙon aikinsa aka ba wani abokin aikinmu da ke Dosso. Ni sai daga baya na hau matakin, a kan hotunan sabulu da man shafawa, kuma tun daga lokacin ban sake karɓar aikin wiwi ba. Ba wanda ya hana ni. Hotunan ne suka daina yi mini kyau.

Inna ba ta yi fushi da ni irin na gaba ba. Muna cin tuwo tare, muna hira a tsakar gida in na fito. Amma ɗakin ba ta sake shiga ba. Na ce mata yanzu sabulu nake yi, ta ce Allah ya ba da sa'a. An koma ajiye kwano a bakin ƙofa. Wata ranar kasuwa ta ƙwanƙwasa, na buɗe kafin ta tafi, na gan ta da dakuwa a ƙaramin faifai. Na matsa gefe in ba ta hanya. Ta miƙo mini daga inda take, ƙafarta a waje.

"Wagga ba ta hoto ba ce. Ci za ki yi."

Ku da kuke shigowa yanzu, ga abin da na koya. A sana'ar nan komai ƙirƙira ne, tebur, rana, inuwa, har raɓar da ke jikin kwalba. Saboda haka masu kaya kullum yunwar abu na gaske suke, kuma abin gaske ɗaya da ke kusa da ku shi ne mutanen gidanku. Za ku so ku ari hannu, ko murya, ko zanen gado, ko ƙwaryar kakarku. Kafin ku ɗaga salula, ku gaya wa mai abin me za a sayar da shi, tun kafin ya zauna. Kuma kada ku raina kaɗaicin aikin nan, shi ne zai sa ku jinkirta faɗar gaskiya, ba kwaɗayi ba.

Hoton asali yana nan a wurina, hannun Inna da dakuwarta, ban aika wa kowa ba. Wurin da take shimfiɗa tabarma kuma ban ajiye komai a kai ba.