Gida Mai Ƙofa Ɗaya

Ranar wata Alhamis ce, wajen ƙarfe huɗu na yamma, ana dab da shiga bazara, a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa. Mu uku ne a wurin: ni, da maiɗakina, da wani tsohon magini da ya yi aikin ginin tun daga tushe. Lokacin ina komi, wato magatakarda, a biro, ofishin kumandan, baturen mulki na Dakoro, kuma da safiyar ranar aka miƙa mini lakile, wato makullin ɗaya daga cikin sababbin gidajen siminti da aka gina wa ma'aikata. Mun je ne mu tsara inda kowa zai kwana.

Ɗaki uku ne a jere. Daga baranda ka shiga falo, daga falo ka shiga ɗakin tsakiya, daga na tsakiya ka shiga na ƙurya. Ƙofar fita guda ɗaya ce. Madafa da bayi suna can baya, sai an fito ta gaba an zagaya. Babu zaure.

Mu biyar ne a gida: ni da matata, 'ya'yanmu mata biyu, da surukata. Ta dawo wurinmu ne daga wani ƙauye a ƙasar Kornaka bayan rasuwar mijinta, domin ƙafafunta suna kumbura, kuma likita yana kusa da mu. A gidan ƙasar da muke zaune cikin gari tana da ɗakinta a bayan zana, ƙofarta dabam, hanyarta dabam. Shekara huɗu muna tare, ban fi sau uku na ga fuskarta sosai ba. Da safe nakan durƙusa a bakin zanar in ce, "Inna, mun kwana lafiya?" Ta amsa daga ciki. Haka aka yi mana tarbiyya: miji ba ya haɗa ido da uwar matarsa, ba ya ci a gabanta, ita ma ba ta ratsa inda yake zaune. Ba ƙiyayya ba ce. Ina ganin girmanta ƙwarai, kuma na san fura mafi kyau da ake aiko mini ita ke damawa.

Na buɗe kaye, littafin rubutuna, na zana ɗakunan da alƙalami. Maginin ya leƙo ta kafaɗata.

"Komi, ina za ka sa tsohuwa?"

"Ƙurya," na ce. "Ya fi sanyi, ya fi sutura."

"To in za ta fita, ta kan wa za ta bi?"

Na ce to a sa ta a tsakiya, mu mu koma ƙurya.

"Sai kai ka riƙa tsallake ta kana neman takalminka." Ya yi dariya har da tari. "Ni tun muna aza bulo nake tambaya, wai wanda ya zana gidan ga ba shi da suruka ne? Ko daga sama aka jefo mishi mata?"

Maiɗakina ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a ɗakin ƙurya tana duban tagar, wadda take can sama, da sandunan ƙarfe. Ta ce, "Malam, ko mu zauna inda muke?"

Na ce ba zai yiwu ba. An zaɓe ni cikin mutane da yawa, kuma wanda ya mayar da lakile, za a tambaye shi dalili. Wannan gaskiya ne. Akwai kuma wata gaskiyar da ban faɗa ba: ina son gidan. Ina son daɓen simintin, da tabur da kujeru huɗu da aka ajiye a falo, da yadda abokan aiki za su zo ran Lahadi su same ni a baranda.

Maginin ya doka bangon baya da tafin hannunsa. Ya ce aikin yini ɗaya ne ya fasa ƙofa a nan, tsohuwa ta sami hanyarta zuwa bayan gida ba tare da ta ga kowa ba. Amma gidan na gwamnati ne, ba a taɓa bango, ba a kafa bukka a fili, sai da izini a rubuce. Na ce zan nema.

Kafin nan na tsara abin da na ɗauka dabara ce. Inna a ƙurya. Yara a tsakiya. Ni da uwarsu mu kwana a falo, da safe a naɗe shimfiɗa. Na rubuta har da lokuta a gefen zanen: da asuba ina masallaci, Inna ta fito, daga bakwai zuwa sha biyu ina biro, gida nata ne, daga uku zuwa biyar haka. Na nuna wa matata shafin ina jin daɗin kaina. Ta duba ta ce, "Tsakanin sha biyu da uku fa?" Na ce ai lokacin hutawa ne, kowa yana kwance.

Muka tare. Bazara ta shigo da ƙarfinta, rufin kwano ya fara aikinsa. Ɗakin ƙuryar da na ce ya fi sanyi, bangonsa ne ke kallon yamma.

Ban nemi izinin ba a makon farko, ban nema ba a na biyu. Takardar tana cikin aljihuna, ni na buga ta da kaina. Kullum na shiga wurin kumandan sai in ga ba ranar ba ce. Abin da ke hana ni shi ne tambayar da na san zai yi: me ya sa? Na gwada jera amsar da Faransanci a raina, sai in ji ta zama abin dariya. Na ji kunyar surukata a gida, na kuma ji kunyar bayyana wannan kunya a biro.

Inna ba ta taɓa cewa komai ba. Da safe ina gaishe ta daga falo, ta ƙofa biyu, sai na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Tana amsawa, "Lafiya lau. Allah shi yi albarka."

A mako na biyar na dawo da rana, na tarar da maiɗakina a baranda, da tulun ruwan ɗakin ƙurya a gabanta. Ta karkata shi ta nuna mini. Cike yake.

"Tun jiya na zuba," ta ce. "Ba ta sha in ta san kana dawowa. Wai kada ta buƙaci fita. Da almuru ma haka."

Na ce don Allah ta gaya mata ta riƙa wucewa, zan juya fuskata ga bango, ko in riƙa yin hutuna a ƙarƙashin bishiyar biro. Ta shiga ta faɗa. Ina jin muryar Inna ƙasa-ƙasa.

"Ce ma maigidanki ban zo in kore shi daga inuwatai ba. Mutum shi wuni aiki, shi rasa wurin miƙe ƙafa sabili da ni? A'a."

Kwana uku na yi hutuna a waje. Ta gane, ta aiko babbar jikarta da saƙon cewa in ban dawo ba, ita ma ba za ta ci abinci ba. Na dawo. Ranar Litinin na ajiye takardar a kan tabur ɗin kumandan. Ya karanta, bai tambaye ni komai ba, ya ce za a aika Maraɗi a ji.

Inna ba ta jira ba. Da ruwan farko ya sauka ta ce za ta je ƙauye ta ga shukar ɗanta da ke can, ta kwana biyu. Duk mun san ba kwana biyu ba ne, domin ta ɗaure har da ƙwaryarta ta dama fura. Matata ta roƙe ta, ta tuna mata da ƙafafunta da allurar da ake yi mata duk mako. Ta ce iska take so. Ranar kasuwa ɗanta ya zo da jaki biyu. Na fita tun da wuri na tsaya a bayan ginin don ta sami hanyar wucewa ta falo. Da suka kama hanya na zagayo, na durƙusa daga nesa na ce Allah ya kiyaye. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta ce, "Ka riƙe mini ɗiyan nan da kyau. Ba ka yi mini komi ba sai alheri."

Na sha auna wannan magana. Na yi imani da zuciya ɗaya ta faɗe ta, kuma wannan bai rage mini komai ba.

Amsa ta zo daga Maraɗi bayan wata biyu, an yarda. Maginin ya fasa ƙofar a yini ɗaya kamar yadda ya ce, bai yi mini ba'a ko sau ɗaya ba. Muka aika mata cewa ɗakinta ya sami hanya. Ta aiko da amsa cewa sai an cire amfanin gona.

Ta rasu kafin a fara yankan gero. Saƙon ya iso mana Dakoro kwana biyu bayan an rufe ta.