Leɓen Dabo

Ni Manu, da na yi shekara uku a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya ina kwance injunan jiragen ruwa na soja, ban taɓa zaton mai ɗinka salka zai koya mani aikina ba. Da wani ya faɗa mani haka a lokacin, da mun yi faɗa.

Dabo baduku ne a Kusada, gajere, mai kunnuwa fato-fato, ba ya son magana. Bai iya takalmi mai ado ba, bai iya layu masu kyau ba. Guga da salka kaɗai ya sani, irin jakar fatar akuyan nan da makiyaya ke ɗaukar ruwa a ciki. Amma daga Tafashiya har Ƙofa, idan Bafulatani zai yi nisa da rijiya, salkar Dabo yake nema. Idan ya gama ɗinki sai ya hura ta da baki, ya ɗaure, ya lashi leɓensa na ƙasa, ya bi layin ɗinkin da shi a hankali. Inda iska ke fita, ko da ramin bai kai tsinin allura ba, leɓen zai ji sanyi. Mu matasa dariya muke yi masa, muna cewa Baba Dabo na sumbatar akuya.

A lokacin ina aiki da wani Baturen ruwa da ya zauna a Kankia yana auna fadamu, wai za a datse ruwa. Yana da ƙaramin jirgin kwano, da tsohon injin da ake maƙalawa a bayansa. Injin ya zo mani a mace. Na kwance shi kaf, na wanke, na goge, na mayar da komai wurinsa, na kuma bi gari ina faɗa wa duk mai kunne cewa na tashe shi.

Damina ta shida da dawowata daga yaƙi, aka yi ruwan kwana uku ba ɗagawa. Koramar da ke bayan Ƙofa ta tumbatsa ta rabu biyu, ta zagaye tudun da rugar wani Bafulatani, Bubayero, take. Mazan sun kora shanu sun yi iyo da su tun ranar farko. Bubayero ya koma don ya fito da iyali, ruwa ya rufe bayansa. Mutum goma sha ɗaya suka rage a kan tudun, yawanci mata da yara, har da jaririyar wata biyu. Masu fito da gora sun gwada, igiyar ruwa ta watso su. Tudun kuma raguwa yake yi, muna gani daga gaɓa.

Bature yana Katsina, amma magatakardansa ya ce a ɗauki jirgin. Muka ɗora shi a amalanke, muka isa gaɓa da hantsi. Jama'a suka buɗa mani hanya. Na naɗa igiya na fizga. Injin ya tashi, ya yi wani ƙara mai tsini, ya hau sama shi kaɗai, sai ya shaƙe ya mutu. Na sake, haka. Na wanke fulogi, na busa hanyar mai, na canza mai gaba ɗaya. Sau tara ina ja, har tafin hannuna ya sale. Daga can tudu muna jin kiran mata, ni kuwa kunya da tsoro sun cika ni, gumi na shiga idona.

Dabo yana tsugune a gefe da jakar aikinsa, ya zo kawo wa wani guga, ruwa ya tsare shi. Sai na ji ya ce, ba da ƙarfi ba:

"Soja, abin nan naka iska shika sha."

Na ce, "Baba, don Allah matsa. Wannan ba akuya ba ce."

"Na sani. Amma shina da ciki ko?"

Na tsaya. Yana da ciki. Irin wannan injin yana zuƙo mai da iska cikin wani rufaffen ɗaki a ƙasansa, ya matse su, sannan ya tura su sama su kama wuta. Idan ɗakin na yoyo, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Na san wannan tun a Bama. Sai dai ni ɗigon mai nake nema da ido, ban ga ko ɗaya ba, na yanke cewa lafiya lau yake.

Ya ce, "Toshe mashi baki da gindi, ka hura."

Muka sauke injin a kan tabarma. Na cire faifan ƙarfen da ake naɗa igiya, na cusa tsumma da danƙo a mashigar iska da mafitar hayaƙi, na sa bakina a ramin fulogi ina hurawa. Dattijon nan ya durƙusa a gaban mutane sama da ɗari, ya lashi leɓensa, ya bi gaɓoɓin ƙarfe da shi kamar yadda yake bin ɗinki. Ba wanda ya yi dariya. Ya wuce gefe, ya wuce ƙasa, ya zo sama inda sandar da ke juyawa ta fito daga cikin injin, ya tsaya.

"Ga ta nan."

A wurin akwai zoben ƙarfe mai fata a ciki, shi ke rungume sandar ya hana iska. Na ɓamɓare shi. Fatar ta bushe, ga kuma wata 'yar tsaga a bakinta. Ni na yi ta da hannuna, ranar da nake mayar da sandar ina sauri in je in yi alfahari. Sabon zobe sai Ikko. Na zauna a ƙasa riƙe da zoben.

Dabo ya karɓa ya juya shi, ya shinshina. "Ashe hwata ce. To mi kake ma kuka?"

Ya zazzage jakarsa. Ya ture fatar akuya, ya ce za ta yage. Ya ture sabuwar fatar saniya, ya ce za ta kumbura ta kama sandar. Sannan ya ɗauko wata baƙar fata mai sheƙi, wadda yake ɗorawa a cinya idan yana ɗinki. Ta mahaifinsa ce, ta sha man hannu na shekara hamsin, kuma kowa a Kusada ya san ko matarsa Tani ba ta taɓa ta. Ya ɗora tsohon zoben a tsakiyarta ya sa wuƙa. Ramin ya yi shi ƙarami kaɗan da gangan. Ya sa aka narka man shanu a murfin gwangwani, ya jiƙa fatar, ya murza ta a kan ƙotar basilla har bakinta ya tashi kamar leɓe. Ni da na ga injiniyoyin Turawa da ma'aunansu, na tsaya baki buɗe.

Na mayar da zoben, wannan karon a hankali. Na sake hurawa. Ya bi da leɓensa sau biyu, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Tahi."

Muka maƙala injin a jirgi. Ja ɗaya ya tashi, muryarsa a kwance. Sawu huɗu na yi. A na ƙarshe ruwa ya kai ƙofar bukkoki, na ɗauko Bubayero da mahaifiyarsa Hawwa'u da jaririyar. Tsohuwar na rungume da wani abu ƙam-ƙam, ta ƙi saki ko a cikin jirgi. Sai da muka taka ƙasa na ga salka ce, an hura ta, an ɗaura mata zane kamar goyo.

Bubayero ya nufi Dabo ya durƙusa. "Baba, tun shekaranjiya muka hura ta. Mun ce in ruwa ya ci tudun, a kanta za mu ɗaure yarinyar mu sake ta."

Dabo ya karɓi salkar. Ya duba ɗinkin, ya gane nasa ne, na shekaru masu yawa. Ya matsa ta da yatsa, tana nan tam. Duk da haka ya lashi leɓensa ya fara bin ɗinkin tun daga wuya, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe sai ya zauna cikin taɓo da salkar a ƙirji, yana kallon jaririyar, hawaye na bin gemunsa.