Agogon Ladan da Gyaran Sadiyatu

A Ƙofar Taramniya kowa ya san Sadiyatu, ɗiyar Malam Maccido ladan, da abu biyu: kaifin ƙwaƙwalwa da rashin son gyara. Tun tana makarantar allo, in aka ce ta wanke ta sake, sai ta wuni tana kumbure-kumbure.

Ta girma ta karanci kwamfuta, ta shiga cikin masu aikin sa kai na duniya da ke kula da zuciyar wata manhaja, wato ɓangaren da ke tafiyar da na'ura duka. Da idon Malam ya yi rauni, har bai iya ganin faɗuwar rana, ita ta haɗa masa agogon masallaci mai aiki da wannan manhajar, mai yin ƙara in lokacin salla ya yi.

To, agogon nan ya riƙa jinkiri. Mutane suka fara gunaguni, wai a nemi wani ladan kafin azumi. Dattijon da ya tsufa a kan kiran salla fa! Abin ya tsaya wa Sadiyatu a rai.

Ta bincika, ta gano kuskuren yana wurin da ƙwaƙwalwar na'ura ke auna bugun lokacinta. Ta auna jinkirin, ta cusa wata lamba da za ta cike gurbin, agogo ya daidaita. Ta aika wa abokan aikinta gyaran tana jiran yabo.

Ina! Mai tace aikin, wani dattijo daga ƙasashen sanyi wanda bakinsa ba linzami, ya dawo mata da shi. Ya ce rubutun ƙazanta ne, lambar kuma daga ina ta faɗo? Wasu suka goya mata baya, aka yi ta cacar baki kamar a kasuwa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta kai ƙara wurin mahaifinta.

Malam ya saurara, ya ce, "Zagin dai na ji. Amma ƙarya yay yi?"

"Baba, ai abin na aiki!"

"Allonki ma kan karantu, ɗiyata, amma sai an wanke."

Ta fita tana ƙunƙuni, ta goge komai, ta faro daga tushe don ta kunyata mutumin. Tana cikin yi sai ta lura da wani abu. Ashe lambar nan a tsakiyar zafin bazarar Sakkwato ta auno ta, lokacin da na'ura ke gasuwa. Azumi kuwa cikin sanyi zai kama. Da an bar gyaranta, in sanyi ya shigo sauri agogon zai riƙa yi, mahaifinta ya kira magariba rana ba ta faɗi ba, unguwa guda ta sha ruwa da kiransa. Innalillahi!

Ta sake rubutun yadda na'ura za ta riƙa auna kanta a kowane yanayi. Mai tace aikin ya amsa da cewa yanzu ya karɓa. Ko sannu bai ce ba, ita ma ba ta nema ba.

Ranar farko ta azumi ta hau soro, dabino a hannu, ta zuba wa yamma ido. Rana ta nutse gaba ɗaya, sannan ta ji muryar Malam ta tashi, garau. Ta sauke ajiyar zuciya, hawaye suka zubo mata, har ta manta ba ta kai dabinon baki ba.