Fararen Kunkurun da Goggo Ta Raba Tun Suna Ƙwai

Goggona, yayar mahaifina, tana da kunkuru biyu a gidanta na Gwandu, mace da namiji. Wani manomi daga Masama ne ya tsinto su a rami ɗaya suna ƙanana ya kawo mata. Shekara goma sha wani abu suna cin harawa da ɓawon kankana ba su tsinana komai ba, sai ture tukunya da tone gindin katanga. Can wata shekara macen ta haƙa rami a gindin lalle ta zuba ƙwai ta rufe.

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Kalgo. Bayan ruwan farko Goggo ta kira ni a waya.

"Ka taho ka gani. Sun fito su bakwai, ɗaya bai yi kama da kowa ba."

Ranar Asabar na shiga mota na je. Na tarar da ɗan kunkurun cikin tsohon kwano, bai kai tafin hannu ba, bayansa kalar man shanu, idanunsa ja-ja. Maƙwabta sun riga sun yi ta faɗin albarkacin bakinsu, wata ma ta ce a kai shi bayan gari a ajiye. Goggo ba ta kula su ba.

"Zabiya ne," na ce mata. "Kamar yadda ake samu a cikin mutane."

"Na san zabiya, Malam. Uwa tai baƙa, uba nai baƙi, ina ya samo farin? Kuma yaya za a yi in samu wasu?"

In ta ce mini Malam, to tsokana ce. Na nemi ƙoƙo biyu da wake. A kowane ƙoƙo na sa jan wake ɗaya, a madadin baƙi, da fari ɗaya. Na ce wannan ƙoƙon uwar ne, wancan uban. Kowannensu yana ɗauke da ƙwayar farin a ɓoye, amma ta baƙin ta danne ta. Kowane ɗa yakan ɗauki ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma sai fari ya haɗu da fari sannan a ga zabiya. Na zana gida huɗu a ƙasa na nuna mata cewa gida ɗaya ne kawai ke ba da hakan.

"Rufe ido ki ɗauko ɗaya-ɗaya."

Ta ɗauko fari da fari. Muka mayar, ta sake, fari da fari. Ta buɗe ido ta dube ni.

"Wanga abu ai ba wuya."

Na yi ta bayani cewa sa'a ce, kowane ƙwai da nasa rabon, babu ruwansa da na kusa da shi. Ta yi ta gyaɗa kai. Ashe abu ɗaya ta riƙe: ɗaya cikin huɗu.

Da shekara ta zagayo, ta tsaya a kan macen tana ƙirga ƙwai har goma sha shida. A ranar ta raba fararen guda huɗu: ɗaya na ɗiyarta da ke aure a Diggi, ɗaya na wata malamar asibiti 'yar Zuru da ke auna mata hawan jini, ɗaya na matar liman, ɗaya nata. Kowacce ta ce mata ɗanta malamin kimiyya ne ya yi lissafin.

Tara suka ƙyanƙyashe. Duk baƙaƙe.

Na je da kaina don kada a ce na gudu. Na same ta da malamar asibitin a zaune kan tabarma, an jera su taran a tire kamar ƙosai.

"Ga mai lissafin nan," in ji Goggo. "Zauna ka nuna muna huɗun."

Na ce ai na faɗa mata sa'a ce. Malamar ta goyi bayana, ta ce haka abin yake har a ciwon sikila, iyaye masu ɗauke da ƙwayar sukan haifi huɗu lafiya lau, wasu kuma biyu a jere da ciwon. Goggo ta saurare ta da kyau, ta ce yanzu ta gane, da ma tun farko mace ce ta yi mata bayani. Duk da haka ni ta sa na kai wa matar liman baƙin kunkuru guda, in ba ta haƙuri da bakina.

Shekara ta uku goma sha biyu suka fito, biyar farare. Ban samu yabo ba. Ta ce lissafina uku ya ce, an samu biyar, saboda haka na sake kuskure.

Fararen ba sa son rana, ido yake damunsu, sai ta sa aka yi musu rumfar zana. Ina taya ta ɗaure rumfar bakina ya suɓuce na ce in fari ya auri fara, duk 'ya'yan farare za su fito.

"Duka? Ba wake, ba ƙoƙo?"

"Duka. Amma sai sun girma, Goggo. Shekara goma sha biyar, ko fiye."

Ta haura saba'in a lokacin. Ta yi ƙirge da yatsu, sannan ta miƙo mini igiya.

"To ɗaure da kyau. Kada ka yi mini rumfar da za ta faɗi kafin lokacin."