Yankan hatsi a bayan Dogarawa

Ana kiran sallar asuba muka bar Konni, a bayan wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Labari ya iso mana cewa wani dattijo, wanda shi da matarsa ne kaɗai Kirista a ƙauyensu, ya faɗo daga amalanke ya karye a ƙafa. Hatsinsa ya nuna, tsuntsaye sun fara ci, 'ya'yansa kuma duk suna ci-rani. Fastonmu ya sanar ranar Lahadi, maganar ta bazu har sauran majami'un gari.

Sai da gari ya waye na ga waɗanda nake tare da su. Akwai wani Inyamuri mai sayar da kayan babur, wata tela 'yar Togo, malamin lakwal, wato makarantar boko, Bazabarme, da wata tsohuwa 'yar Katolika riƙe da carbinta. Mun daɗe muna haɗuwa a kasuwa, amma ban taɓa jin yadda suke addu'a ba. A motar na ji. Inyamurin yana yi da ƙarfi kamar mai ciniki, tsohuwar kuwa leɓɓanta kawai ke motsi. Na kasa rufe ido don kallo.

A Tsarnawa muka sha kunu da ƙosai. Albasa ta yi tsada bana, har telar ta ɗauki guda ta juya ta, ta mayar a hankali kamar ƙwai. Bayan Malbaza jandarma ya tsayar da mu, ya tambayi inda za mu. Da muka ce yankan hatsi, ya dubi takalmin Inyamurin mai sheƙi, ya yi dariya, ya ce mu wuce.

Daga Dogarawa muka bar kwalta, mota ta yi ta jifa da mu cikin ramuka. Da muka isa gonar, sai muka tarar da mutane a ciki. Maƙwabtan dattijon ne, Musulmi, sun riga sun yanke gefe guda. Ɗayansu ya ce tun kakanni gonakinsu ke haɗe, ba za su bar wa tsuntsu ba. Su suka ba mu wuƙaƙe, suka nuna mana yadda ake kama zangarniya.

Aikin ya raba mu da kansa. Inyamurin ya yanke yatsa tun farko, sai ya koma ɗaukar damma, ya kuwa fi kowa ƙarfi. Telar ta iya ɗauri. Malamin ya hau rumbu yana jerawa, tsohuwar ta zauna da matar gidan suna dama mana fura. Ni dai yanka na iya, shi na yi har rana ta karkata.

Da la'asar aka fito da dattijon bisa tabarma, ƙafarsa ɗaure da karare. Ya ce shekara da shekaru shi da matarsa kaɗai ke waƙa ranar Lahadi, yana so ya ji ta da yawan baki. Muka rasa wadda kowa ya sani. Daga baya muka gano wata mai murya ɗaya, kowa ya rera da harshensa: Hausa, Zabarmanci, Faransanci, Inyamuranci. Ba ta yi daɗin ji sosai ba, amma dattijon ya yi ta share hawaye.

Na durƙusa na ce, “Baba, Allah shi ƙara sauƙi.”

Ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗiyata, an karanta muna cewa mu jiki guda ne, ban taɓa gani ba sai yau. Ƙafa ta karye, ga hannuwa sun taho.”

Mun shigo Konni bayan magariba, jikinmu duk ƙaiƙayi. Da can ina ɗauka sai mun yi addu'a iri ɗaya za mu zama ɗaya. Yanzu na san ba na so Inyamurin nan ya rage murya, ko tsohuwar ta ɗaga tata. Hatsin Baba yana cikin rumbu, kuma ba hannu iri ɗaya ya sa shi ba.